Zomon Rami da Farin-Ƙugu: Yadda Ake Kwatanta Halittu Biyu

Idan malami ya ce wa ɗalibai su kwatanta zomo da tsuntsu, yawanci sai su ja layi a tsakiyar takarda su shiga jerawa: wannan ƙafa huɗu, wancan ƙafa biyu, wannan haihuwa, wancan ƙwai, wannan tsalle, wancan tashi sama. Babu ƙarya a ciki, amma babu wanda ya ƙaru, domin yaron da ke kiwon awaki ya san duk wannan tun bai shiga aji ɗaya ba. Kwatance ba ya biyan wahalarsa sai ya fito da abin da ba za a gani ba in an dubi kowace halitta ita kaɗai. Yin haka kuwa yana da ƙa'ida, kuma za mu bi ta da misali guda na gaske: zomon rami na ƙasashen Turai, da wani ɗan tsuntsu mai waƙa wanda ke yin sheƙa a can, ya zo ya ci rani a wurinmu.

Tantance nau'i kafin komai

Dangin zomo sun haura nau'i 50 a duniya, tsuntsaye masu waƙa kuwa dubbai ne, saboda haka aikin farko shi ne ka tsayar da wanne za a gwada da wanne. Zomon da muka ɗauka masana suna kiransa Oryctolagus cuniculus. Asalinsa Sifaniya da Fotugal da kudancin Faransa. Mutane ne suka yaɗa shi zuwa Ingila a wajajen ƙarni na 12, daga baya har Ostireliya, kuma shi ne kakan zomayen gida da ake kiwo a keji a Kano ko Maraɗi. Tsuntsun kuwa Oenanthe oenanthe yake a littattafan masana. A nan za mu kira shi farin-ƙugu, don abin da ido ke fara kamawa ke nan idan ya tashi.

Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Zomon da karnukan farauta ke kora a dazukanmu ba shi ne zomon rami ba. Namu ɗan gidan Lepus ne: ya fi dogon kunne da doguwar ƙafa, ba ya haƙa rami, yana yini ne a ɗan makwancin da ya murje a gindin ciyawa ko ƙarƙashin sabara, kuma galibi shi kaɗai yake yawonsa. 'Ya'yansa da gashinsu ake haifarsu, idonsu a buɗe. Na Turai ɗan zaman taro ne, gidansu ramuka ne masu ƙofofi da yawa a ƙarƙashin ƙasa, gudunsa kuma gajere ne, daga wurin kiwo zuwa bakin rami. In ka ɗebo bayanin wannan ka liƙa wa wancan, kwatancenka ya lalace tun daga tushe, komai kyan rubutun.

Sharaɗi na biyu shi ne su biyun su tara wani abu: fili, ko abinci, ko maƙiyi. Bahaushe ya ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara, kuma wannan tarayyar ita ce hujjar kwatance. Zomon rami da farin-ƙugu sun tara tuddan yashi na gaɓar tekun Holan, da filayen rairayi na Breckland a gabashin Ingila, da makiyayun tumaki masu gajeriyar ciyawa. In da jimina ka ɗauko ka gwada da shi, da takarda za ta cika, amma da ba abin da zai haɗa layin hagu da na dama.

Tambaya ɗaya, amsa biyu

Ka rubuta tambayoyinka tun kafin ka fara tara bayani, kuma duk wadda ka yi wa zomo ka yi wa tsuntsu ita, da ma'auni iri ɗaya. Kada ka auna ɗaya da kilo sannan ka ce ɗayan "ƙarami ne".

Girman jiki ba abin daɗewa a kai ba ne. Zomon rami babba yana da nauyin kilo 1.5 zuwa 2, tsawonsa kimanin santimita 40. Farin-ƙugu tsawonsa santimita 15, nauyinsa kimanin gram 25, wato kamar batirin agogon bango guda ɗaya. Sai an tara tsuntsun 60 kafin su kai zomo ɗaya. Ka rubuta ka wuce.

Inda za ka zauna ka daɗe shi ne abinci, kuma kada ka tsaya ga "me yake ci", ka tambayi yadda yake samunsa. Zomo ciyawa yake ci, yana yanke ta ƙasa-ƙasa da haƙoran gaba waɗanda ba sa daina tsiro har ya mutu. Ciyawa abinci ce mai wuyar narkewa, shi kuma ba ya tuƙa irin ta akuya. Dabarar da Allah ya ba shi ita ce kashi iri biyu: akwai mai laushi wanda yake sake haɗiyewa nan take yana cikin rami, abincin ya sake bin hanji karo na biyu, sannan akwai busasshe wanda muke gani a fili. Da almuru da asuba yake fita kiwo, kuma ba kasafai yake wuce mita 200 daga bakin raminsa ba. Sakamakon haka shi ne ciyawar da ke kewaye da gidan zomaye kullum a aske take, ga kuma tabon ƙasa tsirara inda suka tona.

Farin-ƙugu ƙwari yake ci: buzuzu da danginsa, tsutsotsi, tururuwa, fara, gizo-gizo. A ƙasa yake kama su, kuma da ido yake farauta. Sai ya tsaya cak a kan dutse ko hoge, ƙirji a miƙe, ya duba. Ya ruga taku kaɗan, ya cafke. Ya sake tsayawa. Irin wannan farauta ba ta yiwuwa cikin ciyawar da ta fi ƙafarsa tsawo, don ba zai ga ƙwaron ba, ba zai iya gudun ba. Ka ja layi a ƙarƙashin wannan a littafinka. Amsoshin biyu sun fara taɓa juna.

A wajen haihuwa za ka ga bambanci mai faɗi da kama mai ban mamaki a wuri guda. Cikin zomanya kwana 30 ne ko kusa da haka, takan haifi 3 zuwa 7, kuma tana iya ɗaukar wani cikin kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa, don haka takan yi haihuwa da yawa a shekara. Sau da yawa takan haƙa wani gajeren rami dabam, ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa da gashin da ta fige daga cikinta. Sau ɗaya rak take zuwa shayarwa a kwana, na 'yan mintoci, in za ta tafi kuma ta toshe bakin ramin da ƙasa ta daddale. 'Ya'yan tsirara suke zuwa, makafi, sai wajen kwana 10 suke buɗe ido. Macen farin-ƙugu kuwa ƙwai 5 ko 6 take yi, masu launin shuɗi mai haske, ta yi kwanci kimanin kwana 13, 'yan tsakin su bar sheƙa bayan kamar mako biyu, uwa da uba suna ta jigilar ƙwari tun safe har yamma. Sau ɗaya ko biyu ke nan a shekara. Amma dubi inda take sheƙar: ba a kan itace ba, a cikin rami. Tsagar dutse, ko kafar katangar duwatsu, ko ramin da zomo ya bari. Ita ba ta iya haƙa. A tuddan yashin Holan, inda babu duwatsu, kusan ba ta da wani masauki sai na zomo. Duka biyun 'ya'yansu marasa ƙarfi ne da ake ɓoyewa a ƙarƙashin ƙasa, kuma maƙiyansu kusan ɗaya ne, tun daga yanyawar Turai har ƙananan mafarauta masu siririn jiki da ke iya kutsawa rami.

Tambayar yadda suke magana da 'yan'uwansu takan ba ɗalibai dariya, don sai su ce zomo ai ba ya magana. Yana yi, ba da murya ba ne kawai. In ya ga haɗari sai ya buga ƙafar baya a ƙasa, na cikin rami su ji. Iyakar gidansa kuma da wari yake shata ta: yana goga haɓarsa a jikin abubuwa, yana tara kashi a wurare na musamman, sau da yawa a kan ɗan tudu. Namijin farin-ƙugu da waƙa yake yin wannan aikin. Waƙarsa gajeriya ce mai kaushi-kaushi, yana yin ta a kan dutse ko ya ɗan tashi sama ya baza jela ya sauko, in kuma ya firgita sai ka ji wani "cak-cak" mai ƙarfi. Buƙata ɗaya ce, hanya ce ta bambanta. Akwai kuma abin da za ka lura da shi da kanka: in sun tsere, duka biyun fari suke nuna maka ta baya, zomo ƙarƙashin bindi, tsuntsu ƙugu da jela. Ka rubuta shi a matsayin abin da ka gani, amma kada ka yi gaggawar cewa dalilinsu ɗaya. Kama da wane ba wane ba ne.

Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi raba su: idan lokaci ya yi tsanani, me kowa yake yi? Zomo ba ya zuwa ko'ina. In sanyi ya kashe ciyawa sai ya koma ga ɓawon itace da saiwoyi, ya lafe a rami. Farin-ƙugu ba shi da wannan zaɓi, don ƙwari ɓacewa suke yi, sai ya tara kitse ya kama hanya, da dare yake tafiyarsa. Kusan duk farin-ƙugun duniya, daga Turai da Asiya da Girinlan har Alaska, a Afirka kudu da Sahara suke cin rani. A 2012 Franz Bairlein na cibiyar binciken tsuntsaye ta Wilhelmshaven a Jamus da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon 'yan na'urorin da suka ɗaura wa wasu tsuntsayen a baya. Na Alaska sun bi ta Saberiya da yankin Larabawa har gabashin Afirka, kimanin kilomita 14,500 zuwa kawai, suna cin kusan kilomita 290 a kwana. Wani daga gabashin Kanada ya tsallaka tekun Atlantika ya biyo ta Turai ya sauka a Afirka ta Yamma. Mita 200 a gefe guda, dubban kilomita a ɗaya gefen, kuma a Turai bakin rami ɗaya suke shiga.

Nemo zaren da ya ɗaure su

Yanzu ka ɗora amsoshin kusa da juna ka nemi inda amsar wannan ta zama sharaɗin wancan. A misalinmu wurare biyu ne: zomo yana aske ciyawa, tsuntsu yana buƙatar askakkiyar ciyawa, zomo yana haƙa rami, tsuntsu yana buƙatar rami. Ka rubuta hasashenka da jimla ɗaya wadda za a iya ƙaryatawa: in zomaye suka ragu a fili, farin-ƙugu zai ragu. Ka lura kuma dangantakar ba ta kai-da-kawo ba ce. Zomo bai san da zaman tsuntsun ba, ba ya ƙaruwa da shi da komai.

Ta yaya za a gwada hasashen? Ba wanda zai kwashe zomayen ƙasa guda don ya ga abin da zai faru, amma tarihi ya riga ya yi wannan gwajin. A 1952 wani likita Bafaranshe, Paul Armand-Delille, wanda zomaye suka addabi gandunsa, ya yi wa biyu daga cikinsu allurar ƙwayar cutar mikzomatosis ya sake su. Cuta ce da ƙuma da sauro ke yaɗawa, tana kumbura idon zomo har ya makance. Ba ta tsaya a gandunsa ba. A 1953 ta shiga Ingila ta yankin Kent, cikin 'yan shekaru ta kashe kusan kashi 99 cikin 100 na zomayen ƙasar. Manoma sun yi murna. Amma filayen da zomaye suka daɗe suna askewa sai suka cika da doguwar ciyawa da sarƙaƙiya, tsofaffin ramuka suka rufta, farin-ƙugu ya yi ta janyewa daga Breckland da tuddan kudancin Ingila. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Akwai wani shuɗin malam-buɗe-littafi wanda tsutsarsa ke girma a gidan wata jar tururuwa, ita kuma tururuwar sai ƙasa mai ɗumi da gajeriyar ciyawa. A 1979 ya ƙare ƙaf a Birtaniya, sai daga baya aka sake kawo irinsa daga Suwidin.

A Holan an sake maimaita labarin. Bayan mikzomatosis sai ga wata cutar, mai sa zomo zubar jini a ciki, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, ta iso Turai kafin ƙarshen shekarun 1980. Zomayen tuddan yashi suka zube, ciyawa ta rufe yashin, farin-ƙugun da ke hayayyafa a ƙasar ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100, har ya zama 'yan ɗaruruwan ma'aurata suka rage.

To a nan ne mai kwatance na kirki yake bambanta da mai son labari mai daɗi. Labarin ya yi daidai da hasashenka, sai zuciya ta ce an gama. Ba a gama ba. A daidai waɗancan shekarun, iskar Holan tana ɗauke da sinadarin naitirojin mai yawa daga takin dabbobi da hayaƙin motoci, yana sauka a kan tuddan yana yi wa ciyawa taki. Ko da zomayen suna nan, da ciyawar ta ƙara ƙarfi. A Ingila kuma kiwon tumaki ya ragu a wurare da yawa, an nome wasu filayen, an dasa itatuwa a wasu. Ga shi kuma tsuntsun rabin shekara kawai yake yi a can. Fari a Sahel ko wahalar hanya na iya rage shi ba tare da zomo ya san an yi ba. Sannan a duwatsun Sikotilan da Aisilan farin-ƙugu yana zaune lafiya a tsagar dutse, tumaki da iska suna riƙe masa ciyawa. A ganina nan ne kwatancen ya nuna ainihin amfaninsa, domin ya tilasta maka gyara jimlarka: ba zomo tsuntsun yake buƙata ba, gajeriyar ciyawa da rami yake buƙata, kuma a wasu filaye zomo ne kaɗai mai samar da su.

Shi ya sa ba a rubuta kwatance ba tare da faɗin wuri ba. Wannan zomon, wanda wani mai suna Thomas Austin ya saki 24 daga cikinsa a gonarsa ta yankin Victoria a 1859 har ya zama annoba a Ostireliya, shi ne ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa a 2019, saboda yadda ya ragu a ƙasarsa ta asali, inda wata kyanwar daji da wata gaggafa ta Sifaniya suka dogara da shi. Ɓarna ne ko alheri? Sai an ce a ina.

Fita fili a namu yankin

Karatu kaɗai ba ya sa hannu ya faɗa, kuma ba sai ka je Holan ba. Daga wajen Oktoba zuwa Maris farin-ƙugu yana nan a Sahel, a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da Cadi, kowane ɗaya da ɗan filin da yake karewa. A nan ba ya sheƙa, saboda haka maganar rami ta faɗi. Zomonmu kuma ba ya haƙa, ba ya taruwa da yawan da zai aske fili. Tambayarka sai ta zama: wa ke yi wa tsuntsun aikin zomo a nan, kuma zomon dajinmu fili ɗaya yake so da shi ko kuwa?

Kayan aiki ba su da yawa: littafi da fensir, rula, igiya mai tsawon mita 4, turaku, tocila mai ƙarfi, da madubin hangen nesa in da hali. Ka fara da gaida mai unguwa da masu gonaki, ka faɗa musu abin da ya kawo ka, don baƙo mai yawo da littafi yana kafa turaku a gonar mutane ba ya rasa mai zarginsa. Ka nemi wani tsohon mafarauci ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, a wannan dajin ina zomo ya fi kwanciya?" Abin da zai nuna maka a hantsi ɗaya, kai kaɗai sai ka yi wata ba ka gano shi ba.

Zaɓi fili iri uku: gonar gero da aka girbe aka kwashe kara, saura mai doguwar ciyawa, da fako ko gefen burtali inda shanu da awaki suka cinye komai. A kowanne ka shata miƙaƙƙen layi na mita 500, ka sa alama a farko da ƙarshe. Duk taku 50 ka tsaya ka dasa rula a ƙasa ka rubuta tsawon ciyawa. Kada ka zaɓi inda za ka dasa. Inda babban yatsan ƙafarka ya tsaya, nan ne.

Tsuntsu da sassafe ake ƙidaya shi, daga fitowar rana zuwa hantsi. Ka bi layin a hankali, rana a bayanka in zai yiwu, ka rubuta duk wanda ka gani cikin mita 50 dama da hagu. Ka riƙa duban kan suri, da hoge, da kututturen kara, da tsibin taki. Da rani launinsa ƙasa-ƙasa ne mai saje da gona, ba shi da tokar baya da baƙin kwallin ido da namiji ke yi lokacin aure, sai dab da tafiyarsa ake fara ganinsu. Abin da zai tona shi shi ne tsayuwarsa a miƙe, da ɗan rusunawar da yake yi yana kaɗa jela. In ka matsa sai ya tashi ƙasa-ƙasa, fari ya walƙa, ƙarshen jelar kuma baƙi mai siffar harafin T a kife, ya sauka can gaba kaɗan ya juyo yana kallonka. Ka kula kada ka ƙidaya tsuntsu ɗaya sau uku don yana ta tashi yana sauka a gabanka. Yana da 'yan'uwa masu kama da shi a yankin, wasu baƙi irinsa, wasu 'yan gida. Wanda ba ka tabbatar ba ka sa masa alamar tambaya, ya fi ka cika littafi da zato. In ka sami wanda ya saki jiki, ka zauna nesa ka ba shi minti 10, ka ƙirga sau nawa ya ruga, sau nawa ya cafka, a kan wace irin ƙasa.

Zomo kuwa da wuya ka gan shi da rana, don haka abin da ya bari ake ƙidayawa. A kan layin nan ka kafa murabba'i 10 ko fiye, kowanne mita 1 tsawo mita 1 faɗi, turke a kusurwa huɗu, igiya ta kewaye. Ka tsince duk kashin da ke ciki ka zubar a nesa, ka dawo bayan mako biyu ka ƙirga sabo. Wuyar aikin ita ce raba shi da na akuya. Ka ɗauki ɗaya ka murtsuke tsakanin yatsu: na zomo zagayayye ne, ɗan shafaffe, mara nauyi, yana wargajewa ya zama ɗan ƙaiƙayin ciyawa da ido ke gani; na akuya dogo-dogo ne, baƙi mai santsi, da ɗan tsini a kai, cikinsa kuma niƙaƙƙe ne lilis saboda tuƙa. Ka duba cizon ciyawa ma. Zomo yanka yake yi a karkace, sumul. Akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama, fizga suke yi, sai bakin karan ya yi buzu-buzu. A kan yashi sawunsa ba ya ɓuya: dogayen ƙafafun baya biyu suna sauka gaban gajerun na gaba. Kada ka bar murabba'in ya wuce mako biyu, don gara da buzuzu suna kwashe kashin, iskar hunturu kuma tana turo na wani wuri.

Ana kuma ƙidaya zomo da dare, a bi layin da tocila ana haska dama da hagu, idonsa yana mayar da haske ja. Wannan sai inda akwai kwanciyar hankali, da sanin mutanen gari, kuma ba kai kaɗai ba. In babu tabbacin tsaro, kashin ya wadatar. Kada kuma ka zura hannu cikin kowane rami. Mai shi sau da yawa maciji ne.

Ranar da ba ka ga komai ba, ka rubuta sifiri da kwanan wata da yanayin gari. Ɗalibai sukan tsallake irin wannan rana don suna jin kamar sun yi asara, alhali sifirin saura mai doguwar ciyawa shi ne zai ba ƙidayar fako ma'ana. Ka maimaita zagayen aƙalla sau uku a rani guda, lokaci ɗaya, tafiya iri ɗaya.

Wajen rubuta sakamako, ka raba abin da ka gani da idonka, da abin da ka karanta, da abin da kake zato, kowanne a san shi da shi. Jadawali yana da amfani, amma filayen uku za su zama layukansa, tsawon ciyawa da yawan tsuntsu da yawan kashi su zama ginshiƙai, don mai karatu ya ga yadda lambobin ke hawa da sauka tare ko a saɓe. In ya fito cewa tsuntsun ya fi yawa inda dabbobi suka cinye, zomo kuma ya fi barin kashi kusa da saura inda yake da maɓoya, ka faɗi haka da lambobinka. In akasin haka ya fito, shi za ka faɗa. Bayanan tsuntsayen kada su tsaya a littafinka: cibiyar APLORI da ke Jos tana jagorantar shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, ana tura mata ƙidaya ta manhajar BirdLasser, hoton sawu ko na kashin zomo kuma ana iya ɗora shi a manhajar iNaturalist. Ka kammala zagayen ƙarshe kafin Maris ya fita, don daga nan tsuntsayen sun fara komawa arewa kuma ƙidayar ba za ta yi daidai da ta baya ba, sannan ka tuge turakunka kafin mai gona ya fara shara.